BABI NA UKU: TARIHIN GWAJIN CUTUTTUKAN JIMA'I GA MUTANEN DA BA SU DA ALAMAR CIWO A ƘASAR HAƊEJA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ire-iren cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i tare da sunayen da Hausawa suke kiran su da su. A wannan babi kuwa za a bi diddigin al'amari guda ɗaya, wato yadda aka yi har aka kai ga ɗibar jinin mutumin da yake tafiya da ƙafafunsa, bai yi kukan komai ba, a gwada don a gano ko yana ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka. Za a dubi al'amarin ne a ƙasar Haɗeja da garuruwan da suke bakin fadamar koginta, amma za a riƙa leƙa Kano da sauran sassan duniya a duk inda labarin ya tilasta yin haka.

Abin da babin yake ƙoƙarin tabbatarwa abu biyu ne. Na farko, irin wannan gwaji bai cika zuwa wa mutumin Haɗeja don kansa ba. Kusan a kullum yana zuwa ne a rataye da wata buƙata daban, ko dai umarnin hukuma, ko ba da jini ga majiyyaci, ko awon ciki, ko ɗaurin aure. Wanda hanyarsa ba ta bi ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi huɗu ba, yana iya ƙare rayuwarsa ba a taɓa gwada shi ba. Na biyu, amfanin gwaji ya danganta ne ga abin da ya biyo bayansa, wato magani da rufin asiri.

3.1 Ƙasar Haɗeja da Zirga-zirgar Mutanenta

Masarautar Haɗeja tana arewa maso gabashin Jihar Jigawa, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasamma da Malam Madori. Kogin Haɗeja ya samo ruwansa ne daga kogin Kano da kogin Challawa. Idan ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu, ya malale cikin fadamu da tafkuna har zuwa wajen Nguru da Gashuwa. Wannan ruwa shi ya tara Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa a wuri guda, wasu suna su, wasu suna noman shinkafa da noman rani, wasu kuma suna kiwo.

Akwai wasu shekaru da ya kamata a riƙe domin fahimtar abin da zai zo gaba. A ranar 25 ga Afrilu, 1906 ne Turawan Ingila suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasu a fagen daga. A shekara ta 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru, ta ratsa Malam Madori da Birniwa, sai cinikin gyaɗa ya jawo baƙi da 'yan kwadago. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sannan aka gama madatsar Challawa a 1992. Ita kuwa Jihar Jigawa an ƙirƙire ta ne a ranar 27 ga Agusta, 1991.

Dalilin kawo wannan shi ne a nuna cewa mutumin fadamar Haɗeja ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Masunci yakan bi kifi har Tafkin Chadi, ɗan cin rani yakan tafi Kano ko Kurmi da zarar an gama kaka, direba da falke kuma sukan kai kifi da tattasai kudu su yi kwanaki. Idan aka haɗa wannan da auren mace fiye da ɗaya da kuma yawan fita da sake aure, za a ga cewa cuta ɗaya tana iya ratsa gidaje uku ko huɗu ta hanyar aure na halal tsantsa, ba tare da mafi yawan waɗanda ta kama sun aikata wata alfasha ba. Wannan batu yana da muhimmanci, domin zargin alfasha shi ne babban abin da yake sa mutane gudun gwaji.

3.2 Ciwo Mai Alama da Ciwo Marar Alama

A tunanin Bahaushe na gargajiya, ciwo shi ne abin da aka ji a jiki ko aka gani da ido. Wanzami da boka da 'yar mai ganye da ungozoma duk suna ba da magani ne bisa abin da majiyyaci ya faɗa ko ya nuna. Wanda yake cin abinci, yake fita gona, lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ciwon sanyi sananne ne a wajen maza, tun da yakan bayyana cikin 'yan kwanaki da zafin fitsari da fitar mugunya. Haka nan an san tunjere idan ya fito da gyambo ko ƙuraje.

To amma ilmin likitanci ya nuna cewa mafi yawan tafiyar waɗannan cututtuka a ɓoye suke yin ta. Gyambon farko na tunjere ba ya zafi, kuma yakan warke da kansa cikin mako uku zuwa shida, sai mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali ƙwayar cutar tana iya kwantawa cikin jiki shekara da shekaru. Mata da yawa masu ciwon sanyi ba sa jin komai har sai ya toshe musu hanyar ƙwai, ya jawo rashin haihuwa. Cutar kilamidiya ma haka take ga maza da mata. Mai ɗauke da ƙwayar HIV yana iya yin shekara takwas ko goma da ƙibarsa da ƙarfinsa kafin ƙanjamau ya kwantar da shi.

A fadamar Haɗeja kuwa akwai wani ƙarin ruɗani, wato tsargiya. Wannan cuta ta fitsarin jini wata tsutsa ce take kawo ta, wadda take girma a jikin katantanwar ruwa, ta shiga fatar mai wanka ko mai su ko mai dashen shinkafa. Ba ta da alaƙa da jima'i, amma a jikin mace tana iya kawo ƙaiƙayi da fitar ruwa da ciwon mara, kamar dai ciwon sanyi. Ke nan a wannan yanki alama tana yaudara ta fuska biyu: mai tsargiya yana da alama amma ba shi da cutar jima'i, mai tunjere kuwa yana da cutar amma ba shi da alama. Babu abin da zai raba gardama a nan sai gwaji.

3.3 Samuwar Gwajin Jini da Zamanin Turawa

Gwajin mai lafiya bai yiwu ba sai da aka san ƙwayoyin da suke haddasa cututtukan. A shekara ta 1879 wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ya gano ƙwayar ciwon sanyi. A 1905 Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka gano ta tunjere. A 1906, wato shekarar da aka yi yaƙin Haɗeja, August von Wassermann ya fito da gwajin jini na farko da yake iya nuna tunjere a jikin wanda ba shi da gyambo. A 1910 kuma aka fara amfani da allurar Salvarsan ta Paul Ehrlich. Daga baya aka sami gwaje-gwaje masu sauƙi, kamar na Kahn a shekarun 1920 da wanda ake kira VDRL a shekarun 1940.

Sai dai waɗannan gwaje-gwaje suna buƙatar ɗakin gwaji da ƙwararrun ma'aikata, waɗanda a zamanin Turawa sai a manyan garuruwa irin su Ikko da Kaduna da Kano ake samun su. Hankalin gwamnatin mulkin mallaka game da cututtukan jima'i ya fi karkata ga sojoji da ma'aikatanta da kuma karuwan birane. Ko dokar cututtukan jima'i da ta kafa a 1943, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta fi shafar irin waɗannan wurare. Talakan ƙauye sai ciwo ya ci ƙarfinsa yake zuwa ɗakin shan magani na En'e, a duba shi da ido a yi masa allura.

Duk da haka a wannan zamani ne mutanen wannan yanki suka fara ganin ana duba mai lafiya, amma a kan wata cuta daban, wato ciwon barci. A shekarun 1920 Turawa sun kafa tashar binciken ƙudan tsando a ƙasar Katagum, maƙwabciyar Haɗeja, wadda daga baya ta zauna a Gadau. A shekarun 1930 ma'aikatan ciwon barci suka riƙa bin garuruwan Arewa, a sa dagaci ya tara jama'arsa kaf, a jera su, a lalubi wuyan kowa don neman kaluluwa, a tsotsi ruwanta da allura a duba a madubin likita. Wanda aka samu da cutar dole ne ya karɓi allurai. Aikin ya kai har ga tayar da ƙauyuka a ƙasar Ancau ta lardin Zazzau.

Wannan ita ce ƙofa ta farko, ƙofar umarnin hukuma. Ta yi nasarar rage ciwon barci, domin duk wanda aka gano ana yi masa magani nan take. Amma ta bar wa jama'a wani tunani, cewa duba mai lafiya aikin hukuma ne da ake yi a bainar jama'a, kamar ƙidayar haraji. Irin wannan tsari ba zai taɓa dacewa da cutar da take tattare da kunya ba. Bugu da ƙari, gwajin jinin tunjere ba ya bambanta shi da wasu 'yan'uwansa, cututtukan fata da yara kan ɗauka ta cuɗanya a ƙasashe masu zafi, don haka ba duk wanda jininsa ya nuna alama ne ya ɗauka ta jima'i ba.

3.4 Zamanin Fenisilin da Kemis

A shekara ta 1943 wani likita a Amurka, John Mahoney, ya nuna cewa fenisilin yana warkar da tunjere. Bayan yaƙi maganin ya yaɗu a duniya, ya yi arha. Alherin wannan ba ya misaltuwa, amma ya zo da nasa cikas. Tun da allura ɗaya ko biyu tana kashe zafin fitsari, sai mutane suka ga ba su da buƙatar asibiti balle gwaji. Mai kemis da mai tallan magani a kasuwa da mai allurar bayan fage suka zama su ne likitocin ciwon sanyi. Namiji yakan sayi kafso gwargwadon kuɗin aljihunsa, ya sha har zafi ya lafa, matarsa kuwa da ba ta ji komai ba, babu mai tuna ta. A 1976 aka fara ba da rahoton ciwon sanyin da ba ya jin fenisilin, kuma ɗaya daga cikin nau'o'insa an danganta shi da Afirka ta Yamma.

A shekara ta 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa wasu ƙa'idoji goma na gwajin masu lafiya, waɗanda Wilson da Jungner suka tsara. Daga cikinsu akwai cewa cutar ta kasance mai muhimmanci, tana da lokacin ɓuya, akwai maganinta da wurin ba da shi, gwajin ya zama karɓaɓɓe ga jama'a, kuma aikin ya zama mai ɗorewa, ba na sha yanzu magani yanzu ba. Da waɗannan ƙa'idoji za a auna sauran ƙofofin da za a ambata.

Saboda ƙarancin ɗakunan gwaji, a shekarun 1990 Hukumar ta shawarci ƙasashe masu tasowa, ciki har da Nijeriya, su riƙa ba da magani bisa rukunin alamu. Misali, duk namijin da ya zo da fitar mugunya a ba shi maganin ciwon sanyi da na kilamidiya gaba ɗaya. Binciken da aka yi a Mwanza ta ƙasar Tanzaniya, wanda aka bayyana a 1995, ya nuna wannan tsari ya rage sababbin kamuwa da HIV da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Amma a fili yake cewa tsarin da aka gina a kan alama ba zai ga marar alama ba.

3.5 Ƙanjamau: Ƙofar Ba da Jini da Ƙidayar Masu Ciki

A shekara ta 1985 aka fito da gwajin jini na HIV a Amurka, kuma manufarsa ta farko ita ce tsare jinin da ake ƙara wa majiyyata. A 1986 Nijeriya ta ba da sanarwar samun cutar a ƙasar. Daga nan sai ƙofa ta biyu ta buɗe. A asibitocin Arewa, har da Babban Asibitin Haɗeja, jinin da ake ƙara wa mai haihuwa ko wanda ya yi haɗari yawanci daga miji ko ɗan'uwa yake fitowa. Ƙa'ida ita ce a gwada jinin don cututtuka huɗu: HIV da ciwon hanta nau'in B da nau'in C da kuma tunjere. Maza da yawa a nan suka fara haɗuwa da gwaji. Sai dai manufar wannan ƙofa ita ce kare mai karɓar jini, ba mai bayarwa ba. Idan aka ce wa mutum jininsa bai yi ba, aka sallame shi ba bayani, to an tsare majiyyaci amma an mayar da cutar gida.

A shekara ta 1991 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara binciken yaɗuwar HIV tsakanin mata masu zuwa awo a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Yadda ake yi shi ne, a ɗebi jinin mace don gwajin tunjere, sauran kuma a cire sunanta a gwada shi don HIV. Sakamakon ƙasa baki ɗaya ya tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari a 1991 zuwa kashi 5.8 a 2001, sannan ya sauko zuwa 4.4 a 2005 da 4.1 a 2010. A binciken 2001 Jigawa ce ta fi kowace jiha ƙaranci da kashi 1.8, yayin da Binuwai take da 13.5. Wannan aiki ya amfani masu tsara manufofi, amma matar da aka samu da cutar ba ta san an same ta ba. Ƙidaya ce, ba jinya ba.

Ba za a ga laifin tsarin sosai ba idan aka tuna cewa a lokacin babu magani. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin raba maganin rage kaifin cutar ne a 2002, a cibiyoyi 25, kuma sai a 2006 aka mayar da shi kyauta. Kafin nan, a gaya wa mutum yana da ƙanjamau daidai yake da a yi masa albishir da mutuwa, ga kuma ƙyamar dangi. Haka kuma yarda da aikin asibiti ta yi rauni a wannan yanki bayan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996, da kuma dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Samuwar magani da shigowar gwajin gaggawa, wanda ake yi da ɗigon jinin yatsa a sami sakamako cikin minti ashirin, su suka sauya al'amarin. A 2016 Nijeriya ta karɓi tsarin ɗora duk wanda aka samu da cutar a kan magani ba tare da jira ba. Babban binciken gida gida na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, Jigawa da Katsina kuwa kashi 0.3. Binciken ya kuma nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

3.6 Ƙofar Awon Ciki

Ƙofa ta uku ita ce wadda ta fi cika ƙa'idojin Wilson da Jungner. Tunjeren da ya kwanta a jikin uwa yana ratsawa zuwa ga ɗan tayi, ya jawo ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko mutuwar jariri cikin kwanakin jego. Idan abin ya maimaitu, a gida sai a ce wabi ne ko iska, a shiga neman taimako wajen malamai da bokaye. Alhali kuwa allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, idan an yi wa uwa ita da wuri, tana tsare jaririn. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 an sami jarirai kimanin 661,000 da tunjere ya shafa a duniya, fiye da 200,000 daga ciki an haife su ba rai ko sun mutu suna jarirai. Tun a 2007 Hukumar ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan, kuma a 2015 Kuba ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta kawar da yaɗuwar HIV da tunjere daga uwa zuwa ɗa.

A Nijeriya an fara shirin kare jarirai daga HIV a 2002 a wasu asibitocin koyarwa, daga baya ya sauko zuwa manyan asibitoci da ƙananan cibiyoyi. A Jigawa, tsarin Gunduma da aka kafa a 2007 da shirin Haihuwa Lafiya sun ƙarfafa wa mata zuwa awo. Amma tallafin ƙasashen waje ya fi zuba a kan HIV, sai gwajin tunjere, wanda shi ne ya riga shiga ɗakin awo, ya koma baya. Don gyara wannan ne a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da tsinken gwaji guda mai nuna cututtukan biyu da ɗigon jini ɗaya.

Raunin wannan ƙofa biyu ne. Na farko, mace kaɗai take gani. Idan aka yi mata magani ba a yi wa miji da abokan zamanta ba, za ta sake ɗauka, kuma ita za a ɗora wa laifin kawo cutar tun da a jikinta aka fara gani. Na biyu, a shekarun ambaliya irin 2018 da 2020 da 2022, ƙauyuka da yawa a Auyo da Guri da Kiri Kasamma sai da kwalekwale ake isa gare su, kuma mai ciki ba ta cika hawa ruwa don awo ba in ba ciwo take ji ba.

3.7 Ƙofar Ɗaurin Aure

Gwaji kafin aure ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Jihar Konetikat ta Amurka ta wajabta gwajin tunjere kafin aure a 1935, sauran jihohi da yawa suka bi, amma daga baya aka soke dokokin saboda kuɗin da ake kashewa ya fi ƙarfin mutanen da ake ganowa. A 1988 Jihar Ilinoi ta wajabta gwajin HIV. Cikin wata shida na farko an gwada mutum 70,846, aka sami takwas kacal, masoya da yawa kuma suka tsallaka jihohin maƙwabta suka yi aurensu. A 1989 aka soke dokar.

A ƙasar Hausa al'amarin ya ɗauki wata kama, domin ya shigo ne ta hannun malamai da iyaye, waɗanda suka kafa hujja da wajibcin tsare rai da hana cutarwa a shari'a. A 2012 Hukumar Hisba ta Jihar Kano, ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa, ta fara auren zawarawa da ma'aurata ɗari, kuma ta sa gwajin HIV ya zama sharaɗi. A auren gata na 2023, wanda ya haɗa ma'aurata 1,800, an ci gaba da wannan sharaɗi. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da tunjere da rukunin jinin sikila kafin aure a Jihar Kano. A ƙasar Haɗeja, wadda take cikin Jihar Kano har zuwa 1991 kuma auratayya ba ta yanke tsakaninsu ba, neman takardar asibiti kafin ɗaurin aure ya zama abin da waliyyai da limamai da yawa suka saba da shi.

Alherin wannan ƙofa shi ne ita kaɗai take tsayar da namiji da mace tare, kuma ta rage kunyar gwaji tun da kowa yana yi. Amma tana da matsaloli huɗu. Na farko, hoton rana ɗaya take ɗauka. Ba ta ganin wanda ya kamu makonni kaɗan kafin gwaji, balle abin da zai faru bayan shekara goma da aure. Na biyu, rufin asiri yana da wuya, domin fasa auren da aka sa wa rana shi kansa shela ne. Na uku, duk inda takarda ta zama sharaɗi, akwai haɗarin a neme ta ta bayan gida. Na huɗu shi ne kuskuren sakamako a inda cuta take da ƙaranci. A ƙaddara mutum uku ne cikin dubu suke da cutar, kuma tsinken gwaji yana kuskuren mutum ɗaya cikin ɗari. Idan aka gwada mutum dubu, za a sami kimanin goma da tsinken zai nuna suna da ita alhali ba su da ita, ga kuma ukun na gaskiya. Wannan ne ya sa ƙa'ida ta hana a yanke hukunci da tsinke ɗaya sai an tabbatar da wani iri daban. Ya kamata kuma a ambata cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan gwajin dole, kuma dokar tarayya ta 2014 ta hana nuna wa masu ɗauke da HIV bambanci.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda gwajin marar alama ya shigo ƙasar Haɗeja ta ƙofofi huɗu. Ta farko ta haɗa gwaji da magani amma ba ta san sirri ba. Ta biyu ta tsare mai karɓar jini amma ta kan manta da mai bayarwa. Ta uku ta fi kowacce amfani da arha amma mace kaɗai take gani. Ta huɗu ta haɗa namiji da mace amma sau ɗaya take buɗewa, kuma a idon dangi. An kuma ga cewa ciwon sanyi da kilamidiya, waɗanda suke cikin manyan dalilan rashin haihuwa, ba su cikin abin da ake nema a ko ɗaya daga cikin ƙofofin, domin gwajinsu yana buƙatar na'urori masu tsada.

Wanda ya fi kuɓuce wa tsarin duka shi ne magidancin da ya riga ya yi aure, yake tafiya su ko cin rani ko fatauci, ba ya zuwa awo, kuma in ya ji zafi kemis yake nufa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma tarihin da aka bi ya nuna cewa a wannan fage jama'a ba su karɓi rigakafi ba sai da suka ga magani a bayansa. A babi na gaba za a dubi rawar da malamai da sarakuna da ungozomomi suke takawa wajen jawo irin wannan magidanci zuwa ga gwaji da yardarsa.